Sunan Wa Za A Rubuta? Ɗan Riƙo Daga Fadar Sakkwato Zuwa Rajistar Makaranta

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda dama sun fi son karantawa.

Yau maganar suna za mu yi. Duk shekara idan watan Satumba ya kama aka buɗe makarantu, akwai tambayar da ake yi a ofishin hedimasta a Birnin Kebbi, da Argungu, da Jega, da ko'ina. Ba ta cin minti ɗaya, amma amsarta tana bin mutum har tsufansa. Malam ya ɗaga biro ya ce, "Sunan yaro?" A ce Bashiru. "Sunan uba?" To a nan ne wanda ya kawo yaron yakan ɗan yi jim, idan ba shi ya haife shi ba. Ɗan ƙanwarsa ne, ko maraya ne ɗan amininsa, ko agola ne da matarsa ta zo da shi. Shi ke ci da shi, shi ke kai shi asibiti, shi ya ɗinka yunifom ɗin da ke jikinsa. Sai ya faɗi sunan kansa, malam ya rubuta, a wuce ga na baya.

A Ingila wannan matsala ce ta ɗan lokaci. Dokarsu ta 2002 ta ce idan aka ba wasu mutane yaro da niyyar su mayar da shi ɗansu, ba su da ikon sa a riƙa kiransa da sabon sunan iyali kafin kotu ta yanke hukuncin ƙarshe, sai da izinin kotun ko rubutacciyar yardar iyayensa na asali. Don haka sukan yi watanni suna jira, yaro yana gidansu amma a makaranta yana amsa tsohon suna. Mu a nan, mafi yawan masu riƙo babu wata kotu da suke jira. Ba a shigar da takarda ba, ba za a shigar ba. Sunan da aka rubuta da cewa "a dai sa haka tukuna" shi zai zauna. Abin da nake so mu bibiya shi ne yadda aka yi muka iso nan, domin kakanninmu sun yi riƙo fiye da mu, amma wannan tambayar ba ta taɓa ɗaure musu kai ba.

Da farko dai, Bahaushe bai san sunan iyali irin na Bature ba, wanda kaka zai ɗauka, ɗa ya ɗauka, jika ya ɗauka. Ranar bakwai ake yanka rago, liman ya raɗa suna ɗaya, sunan yanka ke nan. Duk abin da ya biyo bayansa bayani ne kawai don a gane wane Audun ake nufi. Audu ɗan Mamman, ko Audu Maikifi, ko Audu Dogo, ko Audu Gulma idan daga Gulma ya zo. Akwai kuma wata 'yar kalma da nake so ku lura da ita, wato "na". Idan aka ce Audu ɗan Hajiya, an nuna haihuwa. Idan aka ce Audu na Hajiya, an nuna a hannunta yake, ita ke riƙonsa, nata ne, ba tare da an ce ita ta haife shi ba. Kun ga harshen da kansa ya tanadar wa mariƙi wuri. Ya ba shi haƙƙinsa bai ƙwace na mahaifi ba. Fom ɗin makaranta ba shi da "na". Gurbi ɗaya gare shi.

Ban da suna akwai fuska. A ƙasar Kabi, a ranar sunan nan wanzami yakan zo da askarsa. Kabawa da zanensu, Gobirawa da nasu, Arawa da nasu, Zabarmawa da nasu. Yaro ko a gidan wa ya tashi, asalin ubansa yana kan kumatunsa, tsoho zai dube shi a kasuwa ya faɗi daga inda ya fito. Ba kewar aska nake yi ba, kada a fahimce ni a baibai, an bar ta kuma barin ya fi. Abin da nake nufi shi ne a da ba takarda ke riƙe da asalin mutum ba, jama'a ce ke riƙe da shi. A gari kowa ya san ɗan wa kake. Tsoho in ya tare ka a hanya ya ce "kai ɗan wa na?", yawanci ya san amsar, so yake ya ji ko kai ka sani.

Shi kuwa riƙo, ba sai maraya ba. Ɗan fari, saboda kunya, uwa ko sunansa ba ta faɗa, kuma da an yaye shi sau da yawa wajen kaka yake komawa. Goggon da Allah bai ba haihuwa ba, ɗan'uwanta zai ɗauki 'ya ya ba ta, ta raine ta, ta yi mata kayan ɗaki, ta aurar da ita. Malamin allo ya tafi da yaro shekaru. Wanda ke son ya ga yadda abin yake a da, ya nemi labarin Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith tarihin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954. Baba ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, amma ba ta zauna ba 'ya'ya ba, dangi sun ba ta ta riƙa ta aurar. Yaran sun san ita ce uwar riƙonsu, sun kuma san iyayen da suka haife su. Babu abin da aka ɓoye, saboda haka babu abin da zai tonu.

Addini shi ma ya zo ya ƙarfafa wannan. Kusan duk wanda ya yi Islamiyya ya san labarin Zaidu ɗan Harisa, Allah ya yarda da shi. Bawa ne da Nana Khadija ta ba Annabi (SAW), ya 'yanta shi. Mahaifinsa da baffansa suka zo Makka don su fanshe shi, aka ba shi zaɓi, ya zaɓi zama da Annabi. Sai Annabi ya shelanta cewa Zaidu ɗansa ne, bisa al'adar Larabawa ta lokacin, aka yi shekaru ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu. A Madina, wajen shekara ta 5 bayan hijira, ayoyin Suratul Ahzab suka sauka da umarnin a riƙa danganta irin waɗannan 'ya'ya ga iyayensu, idan kuma ba a san iyayen ba to 'yan'uwa ne a addini. Daga ranar ya koma Zaidu ɗan Harisa. Ƙaunar ba ta ragu ba, kusancin bai ragu ba, sunan ne ya koma inda ya fito.

Amma akwai wani sahabin da ba a cika kawo shi a wannan zance ba, kuma ya kamata a kawo shi. Miƙdadu, wanda littattafai har yau suke kira ɗan Aswadu. Sunan mahaifinsa Amru. Aswadu mutumin Makka ne da ya riƙe shi ya mayar da shi ɗa kafin zuwan hukuncin, sunan ya riga ya bi bakin mutane, ya zauna. Malamai sun bambanta tsakanin mutum ya yi da'awar cewa wane ne ubansa alhali ya san ba shi ba ne, wanda laifi ne babba, da kuma mutum ya shahara da wani suna alhali kowa ya san gaskiyar nasabarsa. Ku riƙe wannan bambancin, za mu sake buƙatarsa.

Yanzu mu dawo gida, mu ga wani riƙo na daban, riƙon da aka yi da takobi a gefe.

A shekarar 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice daga birnin. Wasu Kabawa suka bi sabuwar daula, wasu suka ƙi. Masu ƙin nan suka yi ta gwagwarmaya fiye da shekara ashirin, har jagorancinsu ya faɗo hannun Karari, wanda ya kafa sansaninsa a Argungu, a bakin fadamar Gulbin Kabi. A 1831 Sakkwato da Gwandu suka haɗa ƙarfi suka yi wa Argungu ƙawanya. Garin ya faɗi, Karari ya fita, aka cim masa aka kashe shi. Ya bar ɗa saurayi, Yakubu Nabame.

Me ake yi da ɗan sarkin da aka kashe ubansa? In an bar shi a ƙasarsu, gobe shi ne tutar tawaye. In an kashe shi, an ƙara wa Kabawa wani jinin da za su nemi fansa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaɓi hanya ta uku, aka kai Yakubu Sakkwato aka ajiye shi a fada. Kusan shekara 18 ya yi a can. Ya ga rasuwar Bello a 1837, ya ga zamanin Abubakar Atiku har 1842, ya shiga zamanin Aliyu Babba. Gaskiya garkuwa ce aka yi da shi, ba na so in shafa wa abin zuma. Amma ba a kurkuku ya zauna ba. Ya ci abincin fada, ya koyi zaman fada, ya hau doki ya fita yaƙi tare da rundunar Sakkwato. Ruwayar da masu tarihi suka tattara ta ce a wani karo da Gobirawa ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi, wannan ya sa Aliyu Babba ya sakankance da shi har ya ba shi izinin komawa ƙasar Kabi.

A 1849 Yakubu ya ɗaga tuta. Kabawa suka amsa, Arawa da Dendawa da Zabarmawa suka mara masa baya, Argungu ta sake tashi. Shi kansa bai daɗe ba, ya rasu a 1854, amma abin da ya kafa bai faɗi ba. Sakkwato da Gwandu ba su sake mallakar Argungu ba har zuwan Turawa, kuma gidan da ke sarautar Argungu a yau daga wannan tsatson ya fito. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu Argungu, aka shirya masa su a gulbi don girmamawa, daga nan bikin kamun kifin da duniya ta sani ya samo siffarsa ta yanzu.

Za a iya kallon labarin ta fuska biyu, kuma na ji ana yi. Mutumin Sakkwato zai ce an riƙi yaro da mutunci ya saka da butulci. Bakabe zai ce ɗa ne ya koma ya ɗaga gidan ubansa, shekara 18 na tuwon wani ba su mantar da shi ba. Ni ba alƙalancin wannan ya kawo ni yau ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, a duk tsawon shekarun nan Yakubu bai tashi daga ɗan Karari ba. Fadar da ta fi kowace ƙarfi a ƙasar Hausa, wadda za ta ci riba babba da a ce yaron ya manta ko shi wane ne, ba ta mayar da shi ɗan Bello ba. Shari'ar da daular ta tsaya a kanta ba ta ba da wannan ƙofar ba, jama'a ma ba za su karɓa ba. Za ka iya riƙe mutum, ka ciyar da shi, ka ba shi doki, amma nasabarsa ba ta hannunka.

To kada ku ce ai Bahaushe bai taɓa amsa sunan mariƙinsa ba. Ya amsa, kuma misalin yana gaban idonmu kullum ba mu lura ba. Alhassan Ɗantata, attajirin Kano da aka haifa a Bebeji a 1877, sunan mahaifinsa Abdullahi. Yana yaro mahaifin ya rasu, mahaifiyarsa ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa baiwar gidan da ake kira Tata. Ita ta raine shi, mutane suka riƙa ce masa ɗan Tata, sunan ya zauna. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Yau zuri'a guda, da kamfanoni, da tituna, suna ɗauke da sunan wata tsohuwa wadda ba ta haifi ko ɗaya daga cikinsu ba. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai na ji daɗi, ko ba komai tarihi ya biya Tata ladan raino. Kuma babu wanda ya ruɗe, domin kowa ya san Tata mace ce, kowa ya san Abdullahi ne uban. Irin na Miƙdadu ke nan. A cikin gidan kuma ga misali na biyu: Aliko Ɗangote, wanda mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara takwas, ya tashi a hannun kakansa na wajen uwa, Sanusi Ɗantata. Da a ce suna don amfani ake ɗauka, babu sunan da ya fi Ɗantata buɗe ƙofa a Kano ta lokacin. Amma da sunan gidan ubansa duniya ta san shi.

Yanzu ga boko ta iso. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ga elemantare da midil a larduna. Bature ya zo da rajista mai gurbi biyu, ya tarar da aji cike da Muhammadu da Abubakar da Usman. Yaya za a bambanta su? Sai aka koma ga abin da Bahaushe dama ya saba, sunan gari. Sardauna, wanda mahaifinsa Ibrahim ne, a makaranta Ahmadu Rabah ake kiransa, daga baya ya ɗauki sunan kakan gidansu Bello. Abubakar ɗan Yakubu ya zama Abubakar Tafawa Ɓalewa. Aminu ɗan Malam Yusufu ya zama Aminu Kano. Shehu ɗan Aliyu, da ya yi elemantare a Yabo, ya zama Shehu Shagari. Abubakar Imam ma a farko Abubakar Kagara ne. Mu a Kebbi ba sai mun je nesa ba, ku duba tsofaffin gwamnoninmu, Adamu Aliero da Sa'idu Ɗakingari, sunayen garuruwa ne.

A ganina wannan dabara ta dace da mu ta fuskoki biyu. Na ɗaya, a tarbiyyar Bahaushe faɗin sunan uban mutum gatsal a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne, duk wanda ya yi firamare ya san yadda ake dambe a kan "ya kira sunan babana". Na biyu, sunan gari ba ya tambayar wa ya haife ka. Ɗan gida da ɗan riƙo da agola duk za su zama Argungu ko Kamba ko Bunza, babu wanda aka yi wa ƙarya, babu wanda aka tona.

Daga baya abin ya sauya. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka cika makarantu a cikin garinsu, inda duk ajin 'yan gari ɗaya ne, sunan gari ba zai bambanta kowa ba. Sunan uba ya zama shi ne ƙa'ida. Wanda ya kai yaro kuma shi ake tambaya. A nan mariƙai suka fara shiga gurbin da ba nasu ba, mafi yawansu da kyakkyawar niyya. Wani ba ya so yaron ya ji shi bare ne a cikin 'ya'yansa, ga su su biyar suna amsa suna ɗaya shi kaɗai yana amsa wani. Wani yana gudun gori, kun san bakin yara, kun kuma san nauyin kalmar agola idan aka jefe ka da ita a filin makaranta. Wata uwar ta rabu da uban yaron da ɓacin rai, ba ta son ko jin sunansa. Wani kuma lissafi ya yi: bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 27 ga Agusta 1991, da ƙarin ƙananan hukumomi, takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ta zama mabuɗin gurbin karatu da tallafin karatu da aikin gwamnati. Yaron da ubansa ya fito daga wata jiha, ko daga tsallaken iyaka wajen Dosso ko Gaya, sunan mariƙi ya fi yi masa saurin buɗe ƙofa. Ba na zagin kowa a cikinsu. Wanda ya ɗauki ɗan wani ya sa shi makaranta ya yi abin da da yawanmu ba mu yi ba.

Sai dai takarda ba ta san niyya ba. Sunan da aka rubuta a aji ɗaya shi zai bi yaro zuwa jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, ya hau satifiket ɗin WAEC ko NECO, ya shiga JAMB, wadda tun 2021 ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, ya bi shi banki, ya bi shi bautar ƙasa, ya hau fasfo. A da jama'ar gari suna riƙe da gaskiyar a gefe, takarda tana faɗin nata. Yanzu yaro ya tashi a Birnin Kebbi a unguwar da maƙwabta ba su san juna ba, tsofaffin da suka san labarin suna ƙauye suna ta rasuwa, kwamfuta ce kaɗai ta rage, ita kuma abin da aka ba ta shi take maimaitawa.

Wurare biyu abin ke fashewa, aure da gado. Na halarci wani ɗaurin aure da katin gayyata ya fita da sunan mutumin da ya riƙi amarya tun tana shan nono, duk takardunta na makaranta sunansa ne. Da aka zo neman waliyyi sai ga wani dattijo daga ƙauye, baffanta, ƙanin mahaifinta da ya rasu, aka kira sunan uban da ita ba ta taɓa ji ba. A cikin gida ƙawaye suka kai mata labari, tana cikin lalle. Mutanen kirki ne duka, babu mugu a cikinsu, amma yarinyar nan ta shiga gidan miji tana kuka irin wanda ba na amare ba. Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi. Yaro da yarinyar da suka tashi gida ɗaya suna amsa suna ɗaya, in ba su sha nono ɗaya ba kuma babu wata nasaba mai haramtawa, ba muharraman juna ba ne. A can wani gari kuma akwai ƙanwarsa ta jini da bai san da ita ba.

Gado kuwa, alƙalin kotun shari'a ba satifiket yake tambaya ba, shaidun nasaba yake nema. Ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa ko da duk takardun duniya sun haɗa su suna. Ranar da aka zauna rabo ita ce ranar da 'yan'uwan da ya tashi da su za su ce masa ya ɗan ba su wuri. In ya juya wajen dangin ubansa na asali, gonar da ya kamata ya gada an daɗe da cinye ta, kuma wani zai iya ɗaga takardarsa ya ce, "Ai ga shi kai da kanka ka rubuta ɗan wane ne kai." Ya rasa nan ya rasa can. Alhali shari'a ta bar wa mariƙi hanyoyi a buɗe: ya yi wa yaron kyauta yana da rai ya damƙa masa a gaban shaidu, ko ya yi masa wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa ba. Mutane da yawa sun ba ɗan riƙo sunan da ba zai amfane shi ba, suka manta da rubuta masa wasiyyar da za ta amfane shi.

Ta ɓangaren dokar ƙasa, mayar da ɗan wani naka ta hanyar kotu baƙon abu ne a Nijeriya. Tsohuwar Jihar Gabas ce ta fara yin dokarsa a 1965, Legas ta biyo a 1968, Arewa kuwa ta daɗe ba ta da irinta. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta zo da tsari: sai kotu ta yanke hukunci, kuma sai yaron ya zauna a hannun mai nema aƙalla wata uku a jere kafin hukuncin. Wannan dokar dai ita ce ta hana yi wa yara zane a fuska, kun ga yadda takarda ta karɓi aikin aska. Kebbi ta yi tata dokar kare yara a zamanin Gwamna Atiku Bagudu. Ga 'yan'uwanmu Kirista, a ƙasar Zuru ko a nan cikin Birnin Kebbi, wanda ya bi hanyar kotu to shawarar a fili take, a bar yaro da sunan da ke kan takardar haihuwarsa har hukunci ya fito, don nema yana iya rushewa, dangi suna iya dawowa, a bar yaro da suna biyu a fayil biyu. Ga Musulmi kuwa abin da ake da shi riƙo ne, wanda Larabawa ke kira kafala, kuma yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambace shi da sunansa a matsayin halastacciyar hanyar kula da yaron da ya rasa iyaye.

Inda abin ya fi wuya shi ne yaron da aka tsinta, wanda babu sunan uban da za a koma gare shi. Ƙasashen Musulmi ma sun sha bamban a kai. Tunisiya ta halasta cikakken mayar da ɗa tun 1958. Aljeriya a 1992 ta yarda mai riƙo ya ba yaron da ba a san ubansa ba sunan iyalinsa, amma ba tare da nasaba ko gado ba. Wannan ya yi aiki a can saboda sunan iyali gare su, sunan gida ne ba na mutum ɗaya ba. Mu da muke sa sunan uba kai tsaye, in ka rubuta Bashiru Garba kowa zai karanta Bashiru ɗan Garba. Shi ya sa ni nake ganin tsohuwar hanyar su Shagari ta fi mana sauƙi. A ba yaron suna irin Abdullahi a tsakiya, kamar yadda aka saba, a rufe da sunan gari ko unguwa. Bashiru Abdullahi Argungu. Babu malamin da zai ɗaga kai, babu yaron da zai yi masa gori, ba a kuma jingina shi ga wanda bai haife shi ba.

Wanda kuma an san ubansa, ko ya rasu ko yana raye, ko mutumin kirki ne ko akasin haka, ra'ayina a rubuta sunan uban. Yawancin fom ɗin makaranta suna da gurbin mai kula da yaro daban, nan ne wurin mariƙi, ya sa sunansa da lambar wayarsa, shi za a kira ranar taron iyaye, shi zai sa hannu a sakamako. In ana gudun yaro ya ji shi daban ne a cikin 'yan gida, a ƙara wa dukkansu sunan gari a ƙarshe su haɗu a kansa. A gida kuwa a ci gaba da kiransa na Baba ko na Hajiya, babu wanda ya hana. Kuma a gaya masa labarinsa tun yana ƙarami, daga bakin wanda yake ƙaunarsa, kafin ya ji shi daga bakin wanda suka yi faɗa.

Ga waɗanda an riga an rubuta, gyara ya fi sauƙi tun yaro yana firamare, a je wajen hedimasta da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya a daidaita rajista. Da zarar sunan ya hau satifiket ɗin sakandare da NIN, sai an yi rantsuwa a kotu, an buga sanarwar sauya suna a jarida, sannan a bi hukumomin ɗaya bayan ɗaya, kowace da kuɗinta da layinta. In yaron ya girma, a zauna da shi a yi shawara, domin shi zai ɗauki wahalar, kuma wani zai zaɓi ya bar takardunsa yadda suke, ya wadatu da cewa shi da iyalinsa da wanda zai aura sun san gaskiya.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma Argungu, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga da sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga, mu ga yadda Kabawa da Gwandu suka ajiye makamai na wasu shekaru da abin da ya sa suka sake ɗauka. Sai mun haɗu, a huta lafiya.